Wane Ne Ɗan Asalin Nahiyar Amurka, Kuma Wa Ke Tantancewa?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Duk wanda ya taso da finafinan kaboyi ya san su da "Indiyawan daji": gashin tsuntsu a ka, kwari da baka a hannu. To, kuskure ne ya haifi wannan suna. A 1492 Columbus ya sauka a wani tsibiri na yankin Karebiyan, ya zaci Indiya ya iso, sai ya kira mutanen da ya tarar Indiyawa. Su kuwa kowace al'umma da sunanta. Waɗanda ake ce wa Navajo, Diné suke kiran kansu, wato mutane.

Amma wane ne ɗan asali? A ƙasar Amurka gwamnatin tarayya ta amince da ƙabilu fiye da 570, kowacce da hukumarta da dokokinta, kuma ita ke da ta cewa kan wanda zai shiga rajistarta. Mutanen ƙabilar Cherokee Nation ta jihar Oklahoma ba ruwansu da yawan jinin ƙabilar da ke jikin mutum. Abin da suke nema shi ne sunan ɗaya daga cikin kakanninka ya fito a rajistar Dawes, wato jerin sunayen 'yan ƙabilar da gwamnati ta fara rubutawa a 1898. Navajo kuwa sun ce sai jinin Navajo da ke jikinka ya kai rubu'i.

Ku duba inda gizo ke saƙa. Mutum mai rubu'in jini ya auri bare, suka haihu. Yaron na iya tashi a gaban kakarsa, yana kora mata tumaki, yana jin yaren, amma a takarda jininsa ɗaya bisa takwas ne, don haka babu shi a rajista. Ni dai a ganina lissafin nan bai yi wa irin wannan yaro adalci ba, kuma asalinsa ma daga Turawa ya fito.

A Kudancin Amurka an fi duba harshe da abin da mutum ya faɗa da bakinsa, ko da yake a ƙasar Faragwai yawancin jama'a na jin yaren 'yan asali na Guarani ba tare da an lissafa su 'yan asali ba.

Kanada ce ta fi ban takaici. Ƙarƙashin dokar 1876, mace 'yar asali da ta auri Bature ta rasa matsayinta na 'yar asali a idon hukuma, ita da 'ya'yanta, alhali namiji in ya auro Baturiya sai matar ta samu matsayin. Sai a 1985 aka soke wannan tanadi, bayan ɗaya daga cikin matan ta kai ƙara har gaban Majalisar Ɗinkin Duniya.