Me Ya Sa Lambobi Ke Dusashewa a Bidiyon Bayani?

"Oga ya turo bidiyo, amma lambobin ba sa karantuwa." In kuna aiki daga Birnin Kebbi, wakilanku na Argungu, Yauri ko Zuru, kun sha jin wannan ƙorafin. Nan da nan sai a ɗora wa manhaja laifi.

Naɗar fuskar kwamfuta ba wuya. Windows 11 tana da Snipping Tool, Android tun daga ta 11 tana da nata. Ga Loom, wadda kamfanin Atlassian ya saya a 2023, tsarinta na kyauta minti 5 ne ga kowane bidiyo. Ga OBS Studio, ba ko sisi, sai dai maɓallanta kamar gaban jirgin sama.

[A nuna maɓallin tsayawa]

To, ku tsaya nan. Da kun danna wannan, ina bidiyon ya nufa?

Loom intanet take kai shi, ta ba ku adireshin kallo. Ku da ke ofis tsaf za ku gan shi. Wakilinku kuwa, da sabis ya yi ƙasa, hoton ma ƙasa zai yi, ko ya tsaya yana ta juyi.

OBS a kwamfutarku take ajiyewa, garau. Sai ku jefa shi WhatsApp ta wurin hotuna, shi kuma ya matse shi don rage nauyi. Fuskar mutum tana jure matsa, ƙananan rubutun Excel ba sa jurewa. Ku duba da kyau: buhun shinkafa 38 ne, ko 88? Ni dai ba zan yi rantsuwa ba.

[A nuna bidiyon da aka matse da wanda ba a matse ba, gefe da gefe]

Bidiyo ɗaya ne. Na dama ta wurin takardu aka tura shi, inda WhatsApp ba ya taɓa fayil, kuma yana ɗaukar har 2GB. Amma kada a yi ganganci, datar wakili ba ta gwamnati ba ce. Kafin naɗi, ku ƙara girman rubutun da ke fuskar kwamfuta, ku gajarta magana. Janareto kuma, don Allah, a rufe masa taga.

A ganina, in mutanenku suna ƙauye, fayil ya fi adireshi, don sau ɗaya ake saukewa. Ku naɗi minti 1 da kowace manhaja, ku tura wa wanda sabis ɗinsa ya fi muni, ku ce ya karanto muku layi na uku.