Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ƙasa da Safiyo na Jihar Kano, a Ziyararsa Garin Dawakin Kudu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, mai girma Shugaban Ƙaramar Hukuma, ranka ya daɗe Hakimi, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, iyaye mata, manyan baƙi. A madadin jama'ar Dawakin Kudu muna yi maka lale marhabin, kai da 'yan tawagarka. Zumunta a ƙafa take, mun gode da ka tako da kanka.

Garin nan ba baƙo ba ne ga gwamnati. Tun 1977 Makarantar Sakandaren Kimiyya take horar da ɗaliban da ke zama likitoci da injiniyoyi a nan, kuma matatar ruwa ta Tamburawa da ke shayar da birni a ƙasarmu take. Amma asalin arziƙinmu gona ce. Kakanninmu sun yi ta noma ƙasa ɗaya shekara da shekaru ba ta gaji ba, domin jakuna suna kai itace birni su dawo da taki.

Ranka ya daɗe, ka ga hanyar Zariya da idonka yau. Inda dawa take tsayawa da kaka, yanzu bulo ne da turakun siminti. Magidanci zai rasu, kafin a yi sadakar arba'in dillali ya iso da igiyarsa. A yanka gandu fuloti-fuloti, a bar lungun da ko a-daidaita-sahu ba ya shiga, babu kwata, babu filin makaranta, balle maƙabarta. Wannan awon igiya shi ne ya toshe burtali, har makiyayi ya rasa ta inda zai kai shanunsa mashaya. Ba ma ganin laifin magada. Wanda kuɗin asibiti ko auren 'ya ya taso masa, me zai yi? Sai dai kuɗin fili ba ya kai baɗi, gonar kuwa ta tafi ke nan.

Abin mamaki, ana cinye gonaki a waje alhali cikin gari akwai kangaye. Kasuwa na buƙatar rumfuna da magudanar ruwa, tituna na buƙatar fitila. Da an gyara su, matashi zai tayar da gidan gado ya zauna kusa da iyayensa.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye amana a hannun Gwamna, ta kuma tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma. Roƙonmu shi ne a raya wannan kwamiti, a sa manoma da Fulani da masu unguwanni a ciki. Ma'aikatarka da hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, su turo ma'auna su zauna da mu, a shata inda gini zai tsaya, a keɓe fadamu da burtali da kududdufai, a kafe taswirar a ƙofar fada kowa ya gani. Inda gwamnati ta karɓi gona don aikin jama'a kuma, a biya diyya kan lokaci.

Dagatai sun shirya zagayawa da kai bayan taro, idan lokaci ya ba ka dama. Allah Ya taya ka riƙo, Ya mayar da ku gida lafiya.

Wassalamu alaikum.