Lacca Kan Tazarar Tashin Wuta a Injin Mota

Assalamu alaikum. Iyayenmu makanikai da ɗalibai, sannunku da zuwa. Na baya ku matso, ga karanshaf nan a kan tebur, wato ƙarfen da fistan ke juyawa a cikin inji.

A inji mai bugu huɗu, sai wannan ƙarfen ya juya sau biyu, digiri 720 ke nan, kafin kowace silinda ta samu wuta sau ɗaya. To ku raba 720 da yawan silinda. Peugeot 504 ɗin nan da aka riƙa haɗawa a Kaduna silinda huɗu gare ta, duk bayan digiri 180 filogi ɗaya zai ba da wuta. Mai shida kuwa 120 ya kamata. Wannan ita ce tazara daidai, kamar mata biyu da suka iya lugude a turmi guda.

Amma ba kowane inji ke bin wannan lissafi ba. A 1962 kamfanin Buick na Amurka ya ɗauki fasalin injinsa V8, mai silinda takwas da aka jera layi biyu kamar harafin V, ya rage silinda biyu ya zama V6, ya bar buɗewar V ɗin a digiri 90. Ku dubi nan inda yatsana yake: sandunan fistan biyu ne ke hawa gurbi ɗaya a jikin karanshaf. Sai wuta ta koma tashi bayan 90, sannan 150, sannan 90 kuma. Ku buga da tafi ku ji: tas-tas, shiru, tas-tas. Idan motar tana silo, za ka ga sitiyari yana rawa, ka rantse filogi ɗaya ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau. V6 na farko da Peugeot da Renault da Volvo suka haɗu suka yi a 1974 ma haka yake.

Ni dai gyaran da Buick suka yi a 1977 yana burge ni ƙwarai. Ba su taɓa buɗewar V ba, gurbin nan suka raba biyu, suka gocar da rabi da digiri 30. Cire 30 daga 150, ƙara ta a kan 90, kowanne ya dawo 120.

Malam, na ga hannunka. Kana tambaya ko na'urar raba wutar tsohon injin za ta yi wa sabon na 1977? Ba ta yi masa, domin lokacin da take aika wuta ya bambanta. Shi ya sa in irin wannan V6 ta shigo garejinka tana karkarwa, fara tambayar shekarar injin kafin ka ɗauki sufana.