Ƙudus: Addinai Uku a Cikin Ganuwa Ɗaya

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamai, iyayenmu mata da ke can baya, da 'yan'uwanmu Kirista da na hango a sahun gaba, barkanku da yamma.

An ce in yi magana a kan Yahudanci da Kiristanci da Musulunci cikin minti arba'in. Na ce wa yaron da ya kawo mini takardar gayyata, ai ko shekara arba'in aka ba ni ba zan kai gaci ba. Sai na ga gara in ɗauke ku mu je wuri ɗaya, tsohon birnin Ƙudus, cikin ganuwa. Duk faɗinsa bai cika murabba'in kilomita ɗaya ba. Ganuwar kuma Sulaiman ne ya gina ta, amma ba Annabi Sulaiman ba, sarkin Turkawan Usmaniyya ne, wajen 1538. Na faɗi wannan ne don na sha jin ana haɗa su. A cikin wannan ɗan fili akwai wurare uku, kowanne kuma in ka tambayi masu shi me ya kawo su nan, amsar da za su ba ka ita ce aƙidarsu.

Mu fara da bangon da Yahudawa ke addu'a a gabansa. Yahudawa suna cewa Annabi Dawud ya ci birnin kusan shekara 1000 kafin haihuwar Annabi Isa, ɗansa Sulaiman ya gina Haikali a kan tudu. Haikali ba wurin wa'azi ba ne, wurin yanka hadaya ne, kuma guda ɗaya ne tak. A can ƙuryarsa akwai ɗakin da ake kira Wuri Mafi Tsarki, babu mai shiga sai babban limaminsu, shi ma sau ɗaya a shekara, Ranar Kafara. Bukhtanasar, sarkin Babila, ya rushe shi a shekara ta 586 kafin Miladiyya, ya kwashi mutane bayi. Suka dawo suka sake gini. A shekara ta 70 Miladiyya Romawa, ƙarƙashin Titus, suka ƙone na biyun. Bangon da kuke gani a talabijin ana rusunawa a gabansa ba jikin Haikalin ba ne, katangar da Sarki Hirudus ya tokare tudun da ita ce.

To a nan nake so ku tsaya ku yi tunani. Addinin da ibadarsa ta rataya a kan gini ɗaya, aka wayi gari babu ginin, yaya zai yi? Malamansu suka mayar da addu'a da karatun Attaura a madadin hadaya, majami'a ta zama cibiyar unguwa. Wajen shekara ta 200 aka tattara fatawoyin baka a littafin Mishna, daga baya sharhinsa ya zama Talmud. Yahudancin da ake yi yau daga wannan toka ya tashi. Kalmar shahadarsu ita ce: "Ka ji, ya Isra'ila, Ubangiji Allahnmu, Ubangiji ɗaya ne." Suna da dokoki 613, suna yi wa yaro kaciya a kwana na takwas, ba sa cin alade, ba sa aiki ranar Asabar. Amma rashin bai bar zuciyarsu ba. Har gobe ango yana taka kofin gilashi ya fasa a wurin ɗaurin aure don tuna Haikali. Da yawa daga manyan malamansu ma sun hana hawa tudun, don kada mutum ya taka inda ɗakin nan yake bai sani ba.

Daga nan mu bi lungu zuwa Cocin Kabari Mai Tsarki. Kirista sun yi imani a nan aka gicciye Yesu a zamanin gwamnan Romawa Bilatus, a nan aka binne shi, kuma ya tashi a rana ta uku. Wannan shi ne ginshiƙin addinin, in ka cire shi ba abin da ya rage. A wurinsu mutuwarsa ita ce hadaya ta ƙarshe wadda ta shafe zunubi, saboda haka ba sauran buƙatar Haikali. Shi ya sa da mulki ya zo hannunsu suka bar tudun can kango, suka koma wannan gefe suka yi gini. Sarki Kustantin ne ya sa aka gina cocin, aka buɗe shi a 335, shekara goma bayan taron Nikiya na 325 inda limaman coci suka rattaba cewa Ɗa da Uba zatinsu ɗaya ne.

Ku duba abin mamaki. Ranar Juma'a ɗaya ce, mutum ɗaya ne, amma magana uku. Bayahude ya ce an kashe shi, kuma ba shi ne Almasihun da ake jira ba. Kirista ya ce an kashe shi, ya tashi, shi ne Almasihu Ɗan Allah. Musulmi ya ce Almasihu ne, ɗan Maryam budurwa ne, Manzo ne, amma aya ta 157 a Suratun Nisa'i ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba. Duk wanda ya ce muku addinan nan abu ɗaya suke faɗa, yana so ne a tashi taro lafiya, ba ilimi yake koyarwa ba. Wanda kuma ya ce ba abin da ya haɗa su, bai yi karatu ba. Ni a ganina rigimar gado ce tsakanin 'yan gida ɗaya, gidan Annabi Ibrahim. Kun san kuwa bare ba ya faɗa a kan gado.

Sai mu hau tudun. Musulmi sun fuskanci Ƙudus a salla har wata 16 ko 17 bayan hijira, kafin a juya alƙibla zuwa Ka'aba. Zuwa Ƙudus ɗin aka yi Isra'i da Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam. Wajen 638 birnin ya miƙa wuya ga Sayyidina Umar ta hannun shugaban coci Safroniyus. Masu tarihi sun ruwaito cewa lokacin salla ya yi yana cikin cocin, aka ce ya yi a nan, ya ƙi, don kada na baya su mayar da wurin masallaci. Ƙubbar nan mai ruwan zinariya da ke jikin kalandarku, Abdulmalik ɗan Marwan ne ya gina ta, aka gama wajen 691. Sunanta Ƙubbatus Sakhra. Masallacin da ake sahu a ciki shi ne mai tokar ƙubba a kudu, harabar kuma gaba ɗaya ita ce Aƙsa. A cikin ƙubbar an rubuta ayoyin da ke kiran Ma'abota Littafi kada su wuce iyaka a addininsu, kada su ce uku. Wato ginin kansa amsa yake ba cocin da ke kusa da shi.

Yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya ba zan shiga ba, sun ci birnin a 1099 da zubar da jini mai yawa, Salahuddin ya karɓe shi a 1187. Na ga shugaba yana duban agogo.

(Wani ɗalibi ya yi tambaya ko gaskiya ne Musulmi ke riƙe da mabuɗin cocin.)

Gaskiya ne, ɗana. Ɗariku shida ne suka raba cocin: Girkawa, Katolika, Armeniyawa, Kibɗawa, Habashawa da Suryaniyawa, kuma ba su cika jituwa ba. Akwai wani tsani na katako a jingine ƙarƙashin wata taga tun ƙarni na 18, an kasa ɗauke shi don sai kowa ya yarda. To, mabuɗin yana hannun gidan Juda, gidan Nusaiba kuma su ke buɗe ƙofar da asuba, dukkansu Musulmi.

Tunda ka tayar da ni, bari in ƙara maka ɗaya. A bakin wata ƙofar Aƙsa da ake kira Babul Majlis akwai unguwar baƙaƙen fata. Kakanninsu daga Najeriya da Chadi da Sudan da Senegal suka taso, a cikinsu har da Hausawa, suka yi hajji, suka zarce ziyarar masallaci na uku, suka zauna. Jikokinsu suna nan, Larabci suke ji. A nan gida kuma kun san 'yan'uwanmu Kirista in sun dawo daga ziyarar Urushalima, wato Ƙudus, suna ƙara JP, wato wanda ya ziyarci Urushalima, a bayan sunansu, kamar yadda muke saka Alhaji a gaba. Akwai wata tambaya daga ɓangaren mata? Ku miƙa mata lasifikar.