Dutse, Hazo da Kududdufin Kuza: Lacca ga Ɗaliban Zane a Jos

Jama'a, barkanmu da war haka. Abu uku zan faɗa kan zanen ƙasa da duwatsunta. Na baya, kuna ji na?

Na farko, lokaci. Kada ku je gindin Duwatsun Shere da tsakar rana. Inuwa ta shige ƙarƙashin dutse, sai zanenku ya fito kamar buhunan dankali da aka jibge a Farin Gada. Ku je tsakanin bakwai da tara na safe, haske na zuwa daga gefe.

Sai ku kasa takarda gida uku: nesa, tsakiya, kusa. Nesa da fensir 2H, mai tauri da ba ya baƙi sosai, a hankali. Tsakiya HB ko 2B, masu matsakaicin baƙi. Kusa 6B, mai laushi da baƙi ƙirin, ko gawayi. Me ya sa? Ƙurar da ke tsakaninku da dutse tana cinye duhunsa, musamman in hazon hunturu ya sauka. Wanda ya danna 6B a kan tsauni mai nisa ya jawo shi har kan hancinsa. A hankali, na ce, a hankali!

Ku dubi Dutsen Riyom, duwatsu ɗore kan juna. Kada ku zagaye su da baƙin layi. Duhu mafi ƙarfi yana daidai inda dutse ya taɓa ɗan'uwansa, nan nauyi yake. In babu shi, dutsen shawagi zai yi.

Na nawa muke? To, mutum. Ku sa mace ɗauke da kwando kusa da gonar acca, ita za ta nuna girman dutsen, ta kuma nuna ƙasar tana da masu ita. Ba banza aka sa Dutsen Zuma a bayan tsohuwar takardar naira 100 ba. Ɗaliban zane na Zariya ma da suka kafa ƙungiyarsu a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko, abin da suka nace a kai ke nan: dabara daga ko'ina, abin zanawa daga gida.

Wata ɗaliba: Malam, kududdufan kuza na Rayfield fa? Mu cire su?

A'a, 'yata, bar su. Kamfanonin Turawa ne suka haƙa su, da gumin kakanninmu, kuma har yau ana noman rani a bakinsu. Ja ruwan da layuka a kwance, ya ɗan fi sama duhu. Tulin ƙasar da ke gefe kuwa, yi masa layuka masu gangarowa, yadda ruwan sama ya zaizaye shi.