Me ya sa fili ba ya kwana a tsakiyar Kano?

Daga Ƙofar Mata zuwa Kantin Kwari, ka biya ta Singa ka ɓulla Sabon Gari, tafiya ce da mai ƙafa zai yi kafin gumi ya tsatso masa. Amma a wannan ɗan tsakani ake juya dukiyar da fatake ke zuwa nema daga Nijar da Chadi da Kamaru. Shi ya sa kowane taku na ƙasa a nan kuɗi ne. Ɗan lungun da tebur ɗaya zai shiga, akwai mai biyan hayarsa. To, ina za a samo sabon fili a wurin da ya riga ya cika?

Ana samo shi ne daga abin da ba na mutum ɗaya ba: badala, harabar makaranta, gefen maƙabarta, filin Idi, da kududdufi.

Mu ɗan tsaya a kan kududdufi, don shi aka fi rainawa. Kanawan dauri da ƙasa suke gini, kuma inda aka haƙi ƙasar tubali nan rami yake zama. Idan damina ta sauka, ruwan unguwa can yake gangarawa ya kwanta. Wato magudana ce da ba a kashe mata ko sisi ba. Yau ana zuba wa kududdufi shara da ɓaraguzai, a daddaɓe, a yanka filoti, a dasa bene. Shi kuwa ruwa bai san da takardar mallaka ba. Inda ya saba bi nan zai nema, in ya tarar da bulo sai ya shiga shagon maƙwabci. A watan Agustan 2022 ruwa ya malale layukan Kantin Kwari, ya jiƙa dilolin atamfa da shadda da leshi, 'yan kasuwa da dama kuma suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi a kan hanya da magudanai. A ƙarshen wannan wata na Agustan 2022 ne kuma wani bene da ake kan ginawa ya rufta a titin Beirut.

Sai siyasa ta shigo. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ba 'yan kasuwa wasu filayen gwamnati su gina, tana cewa wurare ne da suka zama kufai, gara a raya su. Abba Kabir Yusuf ya karɓi mulki ranar 29 ga Mayun 2023, ko mako bai cika ba katafila ta fita. Aka rushe gini a Filin Sukuwa, aka rushe na tsohon otal ɗin Daula, aka bi shagunan filin Idi na Ƙofar Mata. Hujjarsa ita ce kayan al'umma ne aka raba ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ya ga rusau ɗin zai tuna matasa a cikin ƙura, suna fasa kankare da guduma suna zare rodi, wasu na ɗauke da ƙofofi a ka. Masu shagunan filin Idi suka garzaya kotu, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3.

Ni dai a ganina kowane ɓangare yana da abin faɗa, amma wanda ya fi shan wuya shi ne ƙaramin ɗan kasuwar da ya sayi shago a hannu na biyu ko na uku, da takarda mai hatimi, bai taɓa zama da gwamna ba.

Gadoji kuwa an yi su, ana kan yi: Ƙofar Nassarawa, Dangi, Hotoro, sannan aka ɗauko Ɗan Agundi da Tal'udu. Suna rage cunkoso a mahaɗa, sai dai motar da ta sauko daga gada har yanzu tana neman inda za ta tsaya ta sauke kaya.

Don haka in dillali ya nuna maka sabon shago a tsakiyar gari, kada ka tsaya a kan tayil da fenti. Ka nemi izinin gini na hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA, ka gani da idonka, sannan ka samu wani dattijo a layin ka tambaye shi abin da ke wurin kafin a yi benen.