Darasin Lafiya: Ƙurajen Bakteriya a Fatar Yara

Assalamu alaikum. Masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili na lafiyar iyali. Yau a kan fatar yara za mu yi magana, musamman ƙurajen da ƙwayoyin cuta na bakteriya ke kawowa. Uwa, in kina wani aiki ki ɗan kasa kunne, don galibi ke ce ke fara ganin abin a wajen wanka. Maigida, kai ma kada ka ce wannan zancen mata ne.

Bari mu fara da rarrabewa, domin a nan ne ake yawan ruɗewa. Ba kowane ƙurji ne na bakteriya ba. Makero, wanda ke yin zagaye a kai har gashi ya zube, wata ƙwayar cuta ce daban da ake kira fangas. Ƙazwa kuwa ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, yana haƙa rami a cikin fata, shi ya sa yaro ke kwana yana susa. Farankama kuma wata irin ƙwayar cuta ce da ake kira bairos ke kawo ta. Kowanne da maganinsa. To amma duka ukun suna sa ƙaiƙayi, ƙaiƙayi ya sa susa, susa ta yage fata, sai bakteriya su samu hanyar shiga. Haka cizon sauro, haka ɗan ƙwarzanen da yaro ya samu wajen wasa.

Bakteriya iri biyu ne ke yin mafi yawan wannan aikin. Ɗaya ana kiranta istafilokokas, ɗayar istireftokokas. Ta farkon nan, kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a cikin hancinsa, yana harkokinsa lafiya lau. Kin ga dalilin da ya sa ciwon ke yawan farawa a gefen hanci da baki: yaro yana majina, fatar wurin ta jiƙe ta tsage, ya sa yatsa a hanci, ya sosa fuska.

A cikin ƙurajen bakteriya, wanda ya fi yawa shi ne wanda likitoci ke kira imfetigo, kuma ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 5. Yana farawa da ɗan ƙurji ƙarami mai ruwa. Kafin ki ankara ya fashe, ruwan ya bushe ya yi ɓawo mai launin zuma, ya manne a fata. Wannan ɓawon shi ne alamar da za ki riƙe. Yawanci ba ya zuwa da zazzaɓi, yaron na cin abincinsa, yana wasansa, shi ya sa ake raina shi. Akwai kuma wani nau'insa da ya fi kama jarirai da 'yan ƙasa da shekara 2, wanda ke yin manyan bororo masu ruwa, sau da yawa a hammata, a wuya, ko a wurin da ake ɗaura kunzugu. In bororon ya fashe sai ya bar wuri ɗanye mai sheƙi.

Ciwon nan yana yaɗuwa da sauri ƙwarai. Farcen yaron kansa ne ke kai shi daga fuska zuwa hannu, daga hannu zuwa ƙafa. Sannan tawul, soso, zanin gado da tufafin da ake haɗawa su kai shi jikin ƙani ko ƙanwa. Zafi da gumi da cunkoso a ɗaki ɗaya suna ƙara masa ƙarfi.

To, me za ki yi? Ki wanke hannunki da sabulu tukuna. Ki samu tsumma mai tsabta, ki jiƙa shi da ruwan ɗumi da sabulu, ki ɗora a kan ɓawon na 'yan mintoci har ya yi laushi, sannan ki goge shi a hankali. Ban ce ki ɓamɓare shi da farce ba. Dalilin cire ɓawon shi ne ƙwayoyin cutar a ƙarƙashinsa suke, in kin shafa magani a samansa kin shafa a banza. Idan ƙurajen kaɗan ne, a wuri ɗaya, ma'aikacin lafiya zai ba ki man shafawa na antibayotik, wato maganin kashe bakteriya, kamar mufirosin ko fusidik asid, ki riƙa shafawa sau biyu ko uku a rana har kwana 5. Idan sun yi yawa, ko sun bazu wurare daban-daban, ko masu bororon nan ne, to sai an haɗa da na sha, irin su kulokzasilin ko sefaleksin, kuma nauyin yaro ake dubawa a auna masa. A yanke masa farce, a ware masa tawul da soso, a wanke kayansa a shanya su bushe sosai. Makaranta kuma a dakata har ya yi kwana biyu da fara magani, ko sai ciwon ya bushe.

Yanzu ga inda nake so in ɗan daɗe. Akwai mayukan shafawa da ke ɗauke da sinadarin sitiroyid, irin su betametason da kulobetasol. In aka shafa wa yaro, ƙaiƙayi zai lafa, kumburi ya sauka, uwa ta yi murna ta ce ta dace da magani. Amma abin da man ya yi shi ne ya danne garkuwar jiki a wurin, ƙwayoyin cutar kuma suna nan suna ƙaruwa ba mai tare su. Bayan 'yan kwanaki sai ciwon ya dawo ya fi na da faɗi. Ga shi fatar yaro ba ta da kauri, tana tsotse maganin ya shiga jini. A ganina, man da aka rubuta cewa yana maganin kowane irin ciwon fata, shi ne ya fi cancanta ki yi shakkarsa. Haka nan buɗe kafso a barbaɗa garinsa a kan ciwo, ko a ba yaro ragowar maganin da yayansa ya sha watannin baya. Irin wannan ne ke koya wa bakteriya jure wa magani, ranar da ake buƙatarsa da gaske kuma ya ƙi aiki.

Idan ƙazwa ce tushen abin, sai an kashe ta, kuma duk mutanen gidan za a yi wa magani a lokaci guda, har wanda bai fara susa ba. In ba haka ba, yau ciwo ya warke, jibi ya dawo.

Sai maruru. Shi a gindin gashi yake farawa, ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya. Ƙarami dai ruwan ɗumi ya ishe shi: a riƙa gasawa da tsumma kamar minti 10, sau uku ko huɗu a rana, zai nuna ya fashe da kansa, a wanke a rufe da bandeji. Babba kuwa, wanda ya tara mugunya sosai, maganinsa a tsaga shi a asibiti da kayan aiki masu tsabta, don maganin sha shi kaɗai ba ya ratsa tarin mugunya yadda ya kamata. Kada a matse, musamman wanda ya fito a hanci ko leɓen sama. Jijiyoyin jinin wannan yankin suna da hanya zuwa cikin kai, matsewa na iya tura cutar can. Yaron da maruru ke ta fito masa a kai a kai kuma, a kai shi a duba shi da kyau.

Wanda ya fi waɗannan haɗari shi ne lokacin da cutar ta nutsa ƙarƙashin fata, abin da ake kira selulaitis. Littattafan likitanci suna cewa wurin zai yi ja. To a fata mai duhu ba lallai ki ga ja ba, don haka kada ki tsaya jiran ja. Ki sa bayan hannunki ki taɓa wurin, sannan ki taɓa ɗaya ɓangaren mai lafiya ki gwada. Za ki ji ya fi zafi, ya kumbura, ya yi tauri, yana sheƙi, launinsa ya ƙara duhu, yaro na kuka in an taɓa. Wataƙila ki ga kaluluwa ta fito a hammata ko a matse-matsi. Ga wata dabara: ki ɗauki biro ki zagaye iyakar kumburin. In bayan wasu sa'o'i ya tsallake layin, ciwon tafiya yake yi. Wannan na asibiti ne a ranar, ba gobe ba. Haka in kumburin a kewayen ido ne, ko akwai zazzaɓi, ko yaron ya ƙi abinci ya yi laƙwas, ko zafin da yake kuka da shi ya fi ƙarfin abin da ido ke gani.

Jariri sabon haihuwa kuma ba a jira da shi ko kaɗan. Cibiya mai fitar da mugunya ko wari, fatar kewayenta ta kumbura, ƙuraje masu mugunya a jiki, fata tana saluɓewa kamar ya ƙone, ƙin kama nono, ko zafin jiki da ya kai digiri 38 ga wanda bai kai wata 3 ba, a ɗauke shi a tafi nan take, ko da tsakar dare ne.

Saura abu ɗaya, wanda iyaye da yawa ba sa danganta shi da fata. Bayan ciwon da istireftokokas ta haddasa, wani lokaci garkuwar jikin da ta taso don yaƙar cutar takan jawo kumburi a matatun ƙoda. Abin ba ya bayyana nan da nan, sai bayan mako 3 zuwa 6, lokacin ƙurji ya warke an ma manta da shi. Sai a wayi gari fuskar yaro ta kumbura, musamman ƙasan idanu da safe, ƙafafu su ɗaga, fitsari ya ragu, launinsa ya koma ja-ja ko ruwan ƙasa saboda jinin da ke cikinsa. Jininsa na iya hawa, ya yi ta kukan ciwon kai, wani har ya kai ga jijjiga. Mafi yawan yara suna warkewa sarai in an kula da su a asibiti, an auna hawan jini, an duba fitsari, an taƙaita musu gishiri da ruwa gwargwadon yadda likita ya tsara. Kuma ko da yaro ya sha maganin ƙurjin daidai, hakan bai ba da tabbacin cewa ƙodar ta tsira ba. Saboda haka har wata ɗaya da rabi bayan warkewa, ki riƙa duba fuskarsa in ya tashi barci, ki leƙa fitsarinsa. In kin ga canji kin kai shi asibiti, ki faɗa wa likita cewa ya yi ƙuraje makonnin baya, ko da bai tambaye ki ba.